Sharhi: Hakin da Ake Ɗora wa Tsufa, da Abin da Ya Kamata a Sani Game da Cutar Toshewar Huhu

A cikin cututtukan da suka fi kashe mutane a duniya, da wuya a sami wadda ake jahilta kamar cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan COPD, domin tana shiga jiki ne sannu a hankali cikin shekaru masu yawa, kuma kafin mai ita ya gane cewa ciwo yake ɗauke da shi an riga an laƙaba wa hakinsa sunaye iri-iri, wani ya ce tsufa ne, wani ya ce sanyi ne ya kama ƙirji, wani kuma ya ce asma ce ta zo da girma. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2021 cutar ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.5, wato kusan kashi 5 cikin 100 na dukan mace-macen da aka yi a wannan shekara, abin da ya sanya ta a matsayi na huɗu cikin masu kisa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta kashe kafin su cika shekara 70 mazauna ƙasashe ne masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaicin ƙarfi na tattalin arziki.

Iskar da mutum ya shaƙa tana bin maƙogwaro ta gangara cikin bututu biyu, ɗaya zuwa huhun dama ɗaya zuwa na hagu, kowannensu yana ta rarrabuwa zuwa ƙanana har su kai matuƙar siranta, kuma a ƙarshensu akwai 'yan jakunkunan iska sama da miliyan 300, inda jini ke karɓar iskar oksijin ya kuma sauke gurɓatacciyar iskar da ake kira kabon dayoksaid. Waɗannan jakunkuna suna talewa su koma, shi ya sa lafiyayye ba ya wani yunƙuri wajen fitar da numfashi, huhun da kansa ke tsukewa ya turo iskar waje. Cutar tana yin ɓarna ta fuska biyu, kuma galibi a tare. Ta farko ita ce kumburin bututun iska, inda bangonsu ke yin kauri suna ta fitar da kaki har hanya ta ƙuntata, kuma likitoci suna kiran wannan yanayi bironkaitis mai daɗewa idan tari mai kaki ya kai wata 3 a shekara, shekara 2 a jere. Ta biyu ita ce emfisima, wato yayyagewar bangon jakunkunan nan har su haɗe su zama manyan ramuka marasa ƙarfin tsukewa, yanayin da likitan Faransa René Laennec, wanda ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a 1816, ya bayyana tun farkon ƙarni na 19. Sakamakon haka shi ne iska ta shiga amma ta kasa fita gaba ɗaya, tamkar zugazugin maƙeri da fatarsa ta saki, sai sabon numfashi ya iso ya tarar tsohon bai bar masa wuri ba.

An daɗe ana kiran wannan ciwo cutar masu shan taba, kuma a ƙasashe masu arziki maganar tana da gaskiya, tunda sigari ce ke haddasa fiye da kashi 70 cikin 100 na masu fama da shi a can. A ƙasashe masu tasowa kuwa rabon sigari bai wuce kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ba, kuma babban ɓangare na sauran yana fitowa ne daga hayaƙin cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 2.1 suna girki da itace, gawayi, kara, kashin dabbobi ko kananzir a kan murhun da ba ya ƙone makamashi da kyau, kuma ƙasar Hausa tana tsakiyar wannan lissafi. Matar da ta fara hura wuta tun tana 'yar shekara goma, ta yi shekara arba'in tana durƙushe gaban murhu safe da yamma, da damina kuma a cikin ɗakin girki marar taga da ɗanyen itace, huhunta ya sha hayaƙin da ba ta taɓa ƙidaya shi a matsayin haɗari ba. Ɗora cutar a kan taba kaɗai ya cuci irin wannan mata, domin idan ta zo asibiti da haki, ita da ma'aikacin lafiya duka ba sa kawo wannan cuta a zuciyarsu, tunda ba ta taɓa riƙe karan sigari ba.

Sana'o'i ma suna da nasu rabon. Mai tuyar ƙosai da mai waina, mai gasa tsire, ma'aikacin gidan burodi mai amfani da itace, mai ƙona gawayi, mai fasa dutse, mai injin niƙa da ke wuni cikin ƙurar hatsi, da wanda ke aiki a masaƙar auduga, dukansu suna shaƙar abin da ke kumbura bututun iska shekara da shekaru. Shisha da wasu matasa ke ɗauka ta fi sigari sauƙi ba ta fi ta ba, domin ruwan da hayaƙin ke ratsawa yana sanyaya shi ne kawai, ba ya tace gubar. Tarin fuka da aka warke daga gare shi yana iya barin tabo da toshewa a huhu, kuma wannan babban al'amari ne a Najeriya, wadda ke cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya. Haka nan yaron da aka haifa bakwaini, ko ya yi fama da nimoniya a kai a kai da rashin abinci mai gina jiki, huhunsa ba ya kai cikar girmansa, sai ya shiga shekarun girma da ƙarancin jari. Akwai kuma wani nau'i na gado, da ke zuwa saboda ƙarancin wani sinadari mai kare huhu da hanta ke samarwa, wanda masu bincike biyu na ƙasar Suwidin suka gano a 1963, amma wannan ba shi da yawa.

Alamomin cutar uku ne a mafi yawan lokaci, wato haki da ke ƙaruwa daga shekara zuwa shekara, da tari da ya ƙi ƙarewa, da kaki musamman da asuba, wani lokaci tare da shesshekar ƙirji mai kama da fito. Abin da ke ɓoye ta shi ne yadda mutum ke rage harkokinsa ba tare da ya lura ba. Dattijon da a da yake zuwa masallacin Juma'a a ƙafa sai ya fara neman mai babur, manomin da ke nome kadada sai ya koma tsayawa bayan kowace kunya, uwargida kuma ta bar daka da shara ga 'yan mata, kowa yana ganin shekaru ne suka ja. Tsufa kaɗai ba ya sa mutum ya kasa gama alwala ko sa riga ba tare da haki ba. Cutar ta bambanta da asma, wadda yawanci ke farawa tun yarinta, ta taso ta lafa, mai ita ya koma garau tsakanin tashi da tashi, alhali toshewar huhu tana bayyana ne galibi bayan shekara 40 kuma ba ta sakin mutum gaba ɗaya. Ta bambanta da tarin fuka, wanda ke zuwa da zazzaɓin yamma da gumin dare da saurin rama, wani lokaci da jini a kaki, kuma duk tarin da ya kai mako 2 ya kamata a fara kai kakinsa gwajin tarin fuka, wanda ake yi kyauta a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe. Raunin zuciya ma yana kawo haki irin wannan, kuma ba abin mamaki ba ne a sami cututtukan biyu a jikin mutum ɗaya.

Tabbatar da cutar ba ya yiwuwa da sauraren ƙirji ko hoton ƙirji kaɗai, domin hoto yana iya fitowa lafiya lau alhali toshewa ta yi nisa. Ana tabbatar da ita ne da awon numfashi a wata na'ura da ake kira sifiromita, wadda asalinta ya koma ga likitan Ingila John Hutchinson a 1846. Marar lafiya zai cika ƙirjinsa da iska, ya hura cikin bututun na'urar da iyakar ƙarfinsa har iskar ta ƙare, sai a kwatanta abin da ya fitar a daƙiƙar farko da jimillar abin da ya fitar. Idan bayan an ba shi maganin buɗe hanyoyin iska abin da ya fita a daƙiƙar farko bai kai kashi 70 cikin 100 na jimillar ba, to akwai toshewa mai ɗorewa. Gwajin ba ya buƙatar allura ko ɗibar jini kuma ba ya cin lokaci, amma a yawancin ƙasashen Afirka ba a cika samun na'urar ba sai a manyan asibitoci, kuma wannan giɓi ne da ya fi ƙarfin uzuri, tunda a yau akwai ƙananan irinta da ake riƙewa a hannu.

Ɓarnar da ta riga ta auku a huhu ba ta gyaruwa, kuma duk mai tallar maganin da ya yi alƙawarin wanke huhu ya dawo sabo, kuɗin mutane yake ci. Abin da ake iyawa shi ne a rage gudun cutar, a sauƙaƙa numfashi, a hana tashinta. Wani shahararren bincike da Charles Fletcher da Richard Peto suka wallafa a 1977 a kan ma'aikata maza na birnin Landan ya nuna cewa mai shan taba da ya daina ba ya maido da ƙarfin huhun da ya rasa, amma saurin raguwar yana komawa kusa da na wanda ba ya sha, don haka babu shekarun da za a ce an makara. Wannan hukunci ya shafi murhu ma. Inda hali ya ba da dama iskar gas ta girki ta fi, inda kuwa bai ba da ba, girki a fili, busasshen itace, murhu mai hanyar fitar da hayaƙi, da ɗauke wa marar lafiya aikin hura wuta, duk suna rage abin da ke shiga ƙirji. Kaskon wuta a ɗaki da hunturu, turaren wuta a rufaffen ɗaki, maganin sauro mai hayaƙi da janareto a bakin taga, dukansu ba su dace da gidan da ke da mai wannan cuta ba.

Jigon magani shi ne abin shaƙa, wato inhela, wanda ke kai maganin kai tsaye cikin bututun iska ya sassauta tsokar da ta matse su. Akwai mai saurin aiki irin su salbutamol, wanda ake shaƙa idan numfashi ya sarƙe, akwai kuma mai dogon aiki irin su tiyotiropiyum, wanda ake shaƙa kullum ko da an ji sauƙi. Jita-jitar da ke cewa wanda ya fara shaƙa ya kamu ke nan har mutuwa ta hana mutane da yawa samun sauƙi, alhali cutar ce mai daɗewa, maganin ba ya sa jaraba, kuma ƙwayar da ake haɗiya ta fi shi illa domin tana zagaya jiki duka kafin ta kai huhu. Matsalar gaske ita ce yawancin masu amfani da shi ba a koya musu yadda ake yi ba, sai maganin ya ƙare a harshe da ganɗa, don haka ya kamata marar lafiya ya shaƙa a gaban ma'aikacin lafiya a gyara masa. Abin da ya fi haɗari shi ne ɗabi'ar sayen ƙwayar firedinisolon ko deksametason a kemis ana sha wata da watanni saboda tana kawo sauƙi nan take, domin likita yana ba da ita ne na kwanaki kaɗan, galibi 5, lokacin tashin cutar, dogon shanta kuwa yana kawo ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi da zubewar tsoka. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta haramta sarrafawa da shigo da shi a 2018, da kuma ƙwayoyin barci, suna danne numfashin da dama da ƙyar ake yin sa.

Mai haki yana tsoron motsi, rashin motsi yana zubar da tsokar ƙafa, raunin tsoka kuma yana ƙara haki, sai mutum ya ƙare a kan tabarma. Saboda haka ake tsara wa masu cutar horon motsa jiki na mako 6 zuwa 8 a ƙarƙashin kulawar masana, kuma inda babu wannan tsari, tafiya a ƙafa kullum, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan ana hutawa idan haki ya yi yawa, tana da fa'ida babba. Ana kuma koyar da wata dabara ta shaƙar iska ta hanci a fitar da ita a hankali ta tsukakken baki, ana jan fitarwar ta ninka shaƙar tsawo, abin da ke hana ƙananan bututu rufewa kafin iska ta gama fita.

Batun abinci shi ne wanda aka fi sakaci da shi, alhali numfashi aikin tsoka ne, kuma tsoka da abinci ake gina ta. Mai toshewar huhu yana ƙona ƙarfi wajen numfashi fiye da lafiyayye, amma yana cin ƙasa da abin da lafiyayye ke ci, saboda tauna da haɗiya suna katse masa numfashi, kuma huhun da ya kumbura da iska yana danna dayafiram, wato shimfiɗaɗɗiyar tsokar da ta raba ƙirji da ciki, sai loma kaɗan ta cika shi. Daga nan rama ke shigowa, jiki ya fara cin tsokarsa, har da tsokar da ke jan numfashin. Likitoci suna auna wannan da ma'aunin da ke kwatanta nauyi da tsawo, kuma an tabbatar cewa idan ya sauka zuwa 21 ko ƙasa haɗarin mutuwa yana ƙaruwa, wanda ga mai tsawon mita 1.7 yake nufin nauyin da bai wuce kilo 60 ba. Raguwar nauyi da kashi 5 cikin 100 a wata 6 ba tare da niyya ba alama ce da ya kamata a kai wa likita. Ƙiba mai yawa, musamman tumbi, ita ma tana takura huhu, amma ramammen marar lafiya ya fi zama cikin haɗari.

Gyaran yana farawa ne daga yadda ake ci kafin abin da ake ci. Malmalar tuwo babba da dare, a ci a kwanta, ita ce mafi munin tsari ga mai wannan cuta, gara a raba abincin yini zuwa ci 5 ko 6 ƙanana, a fi ba da ƙarfi da safe da rana lokacin da jiki ke da kuzari, a huta kafin a fara, a zauna a miƙe, a kuma bar shan ruwa sai ƙarshe don kada ya cinye wurin abinci. Abinci mai laushi da ba ya buƙatar doguwar tauna, kamar kunun gyaɗa mai kauri, fura da nono, fate, alala, dafaffen ƙwai da kifi, ya fi ƙilishi ko gasasshiyar masara sauƙi. Kowane ci ya kamata ya ƙunshi abin gina tsoka, kuma wannan ba sai mai kuɗi ba, tunda wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, kindirmo da daddawa suna cikin abincin talaka. Wanda ke ramewa ana iya ƙara masa man gyaɗa ko tunkuza a miya da kunu, domin mai yana ba da ƙarfi mai yawa a ɗan ƙaramin wuri. Wake da kabeji da lemon kwalba mai gas suna kumbura cikin wasu, kuma kumburin ciki yana ƙara haki, amma wake ya fi ƙarfin a yar da shi, sai dai a jiƙa shi, a surfe, a dafa ya yi lugub, a ci kaɗan-kaɗan.

Akwai wata magana da ke yawo cewa mai cutar ya guji hatsi baki ɗaya, kuma tana da tushe a kimiyya, domin jiki yana fitar da kabon dayoksaid mai yawa idan ya ƙona sitaci da suga fiye da idan ya ƙona mai. Sai dai a aikace bambancin bai kai a hana mutum tuwon da ya saba da shi ba, abin da ya fi yin tasiri shi ne cika ciki fiye da kima a zama ɗaya, don haka gero da dawa da acca suna nan a matsayinsu, suga da kayan zaƙi ne ya kamata a rage. Haka nan zargin da ake yi wa madara cewa tana ƙara majina bincike bai gaskata shi ba, kuma hana ramammen dattijo nono asara ce, sharaɗin kawai shi ne a tafasa madarar kafin a sarrafa ta, saboda ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka ta shanu. Ganye da 'ya'yan itatuwa, irin su zogale, alayyafo, rama, kuka, gwaiba, mangwaro da lemo, bincike ya danganta yawan cinsu da ingancin huhu, amma ƙwayoyin bitamin ba sa maye gurbinsu, har ma wani gwaji da aka yi a ƙasar Finlan aka wallafa a 1994 ya nuna cewa ƙwayar bita-karotin ta ƙara yawan sankarar huhu a tsakanin masu shan taba. Zuma da citta suna lallashin maƙogwaro, ba sa buɗe bututun da ya toshe. Ruwa isasshe yana tsinka kaki ya fita da sauƙi, amma idan cutar ta kai ga raunana zuciya har ƙafafu suka kumbura, likita ne zai ƙayyade ruwan, kuma dole a rage gishiri, dunƙulen miya da kanwa, waɗanda duk suna ɗauke da sinadarin sodiyum mai tara ruwa a jiki. Game da azumi, wanda cutarsa ta yi nisa ko yake ramewa ya tuntuɓi likita da malami kafin Ramadan, tunda shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe masu cutar shi ne tashinta farat ɗaya, wanda mura ko nimoniya ko ƙura ke jawowa, kuma kowane tashi mai tsanani yana iya barin huhu ƙasa da inda ya same shi. Alamarsa ita ce haki ya wuce na kullum, kaki ya ƙaru ko ya koma rawaya ko kore, kuma idan leɓe ya yi shuɗi, ko marar lafiya ya kasa gama jimla, ko ya fara ruɗewa da yawan gyangyaɗi, asibiti ake nufa nan take, ba kemis ba. A can ma oksijin da awo ake ba shi, ana neman ma'aunin da ake maƙalawa a yatsa ya tsaya tsakanin 88 da 92, domin yawansa yana iya tara gurɓatacciyar iska a jinin wasu masu cutar. Allurar riga-kafin mura da ta nimoniya suna rage irin wannan tashi. Tun 2002 ake tunawa da wannan cuta a duniya, galibi a ranar Laraba ta uku ta watan Nuwamba, lokacin da a ƙasar Hausa hunturu ke kankama da ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, don haka masu cutar su tanadi abin shaƙarsu kafin hazo ya sauka, su rufe hanci da baki idan fita ta zama dole. Duk magidancin da ke da uwa ko uba ko mata da ta haura shekara 40, tana tari da haki bayan doguwar rayuwa a gaban murhu ko cikin ƙura, ya kai ta asibiti a gwada kakinta, ya nemi a yi mata awon numfashi da sifiromita, ya kuma sa a riƙa ɗora ta a kan sikeli duk wata.